Yadda Ake Dasa Shingen Bishiyoyi Mai Tare Iska a Gona

Iska iri biyu ce ke damun manomi a jihar Kaduna. Akwai ta hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har cikin Fabrairu, ta busar da ƙasa, ta kakkaɓe furen mangwaro da na kashu, ta sa mai noman rani ya yi ta ƙona mai wajen ban-ruwa. Akwai kuma iskar hadari, wadda galibi daga gabas take tasowa. A farkon damina ita ke yaye kwanon rufi, a ƙarshenta kuma ita ke kwantar da masara da dawa bayan sun yi nauyi. Layin bishiyoyi da aka dasa a inda ya dace yana karya ƙarfin duka biyun, kuma in an haɗa itatuwan da kyau, wurin yakan zama mazaunin tsuntsaye da ƙudan zuma.

Abu biyu kawai nake so ka riƙe kafin mu ɗauki diga. Na farko, shinge yana kare fili mai faɗin kamar ninki goma na tsawonsa. Bishiyar da ta kai mita 8 za ta rage iska har kusan mita 80 a bayanta. Na biyu, ana so shingen ya zama kamar zana, ba kamar katangar bulo ba. In ya toshe ƙam, iskar takan haye ta sama ta faɗo da ƙarfi a bayansa tana juyi, ta yi ɓarna a inda kake zaton ka kare. In kuwa kusan rabinta na ratsawa ta cikin ganye, sai ta fito a gajiye. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa ta Nijar, tun 1975 aka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, da tazarar mita 100 tsakanin shinge da shinge, kuma gero ya amsa.

Matasa masu kallon bidiyon noma a waya sukan tambaye ni game da wata bishiya mai dogayen ƙayoyi da 'ya'ya masu zaƙi da manoman Amurka ke dasawa don wannan aiki, wadda masana ke kira Gleditsia. Bishiya ce ta ƙasar da ake sanyi mai tsanani, can ta saba. A wasu ƙasashen da aka kai ta, irin su Ostareliya da Afirka ta Kudu da Ajantina, ta bazu ta zama fitina. Ban ga dalilin wahalar nemo irinta ba. Ƙayar da ake so muna da ita a jikin bagaruwa da magarya, zaƙin yana cikin ɗorawa, abincin dabbobi kuma yana jikin gawo.

Kayan da za ka tanada

Diga da shebur da fartanya da adda. In ƙasarka mai marmara ce, ƙara da dogon ƙarfen haƙa, don fartanya ba za ta iya ba. Igiya mai tsawon mita 30 ko fiye, da turaku na ice masu yawa. Ma'auni, in babu kuma takunka ya isa: dogon taku na babban mutum ya kusa mita ɗaya, kamu ɗaya kuma ya kusa rabin mita. Baro ko kwando na ɗaukar ƙasa. Bokiti da butar ban-ruwa mai rariya a baki, ko gwangwanin da ka huhhuda gindinsa da ƙusa. Baƙar ledar reno, ko ledar fiya wata da ka tara. Ƙasar saman gona, yashi, da takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe sarai. Toka rabin buhu. Reza ko abin yankan farce. Sai iri, sai kuma ƙaya mai yawa ko wani abin da za ka kewaye dashe da shi. Wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa, alhali shi ne rabin aikin.

1. Gane iskar gonarka, sannan ka je wurin maƙwabci

Ka duba inda masararka ta kwanta bara, wane gefe kanta ya nufa. Ka duba inda yashi ke taruwa a gindin ciyawa da rani. Ka tambayi tsohon da ya daɗe yana noma a wurin. A yawancin gonakinmu amsar takan zama gabas da arewa, saboda haka shingen yakan yi kwana: layi ɗaya ya bi iyakar gabas daga kudu zuwa arewa, ya karya ya bi iyakar arewa. In ƙarfinka bai kai duka biyun ba bana, fara da gabas in damuwarka amfanin damina ce, ko arewa in lambu gare ka.

Kafin ka kafa turke ko ɗaya, je ka sami wanda kuka yi iyaka. Ka ce masa, "Baba, ina so in sa itatuwa ta nan gefen, na ce bari in zo mu duba iyakar tare." Ku tsaya a kan iyakar, in da hali da mai unguwa ko wani dattijo a wurin. Ka ja layinka ya shigo cikin gonarka da aƙalla mita 2, don inuwa da saiwa ba su san iyaka ba. In gonar haya ce ko aro ko jingina, kada ka dasa komai sai da yardar mai ita a gaban shaidu, domin a wurinmu wanda ya dasa bishiya ana ganin kamar yana neman gindin zama ne. Kada ka toshe burtali. Kada ka dasa a ƙarƙashin wayar lantarki. In gida kake karewa, bar mita 10 ko fiye tsakanin bishiya da gini ko rijiya ko masai.

2. Zaɓen itatuwa

A nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa sai bayan shekaru. Tambayar da za ka yi wa kowace bishiya ita ce: tana da ganye a lokacin da nake bukatarta?

Dogon yaro, wanda wasu ke ce wa darbejiya, shi ne ƙashin bayan aikin. Asalinsa daga Indiya da Bama ne, amma ya zama ɗan gida. Yana da ganye kusan duk shekara, yana saurin girma, gara ba ta cika damunsa ba in ya kama, kuma ko an sare kansa yana sake tohowa. Aibinsa saiwarsa na da haɗama, za mu zo kan maganin wannan. Maɗaci da tsamiya sun fi shi jinkiri amma sun fi shi daɗewa da jure guguwa, sai ka sa su jefi-jefi a cikin layin. Kashu yana da kyau a layi na biyu saboda rassansa na saukowa ƙasa, suna toshe wurin da dogayen suka bari a buɗe, ga kuɗi kuma. Mangwaro ma haka, sai dai in ya girma yakan yi duhu da yawa.

Malaina tana burge mutane don tana girma kamar ana jan ta, amma da rani takan zubar da ganye, daidai lokacin da hunturu ke kaɗawa. Gawo kishiyarta ne: da damina yake tuɓe ganye, da rani ya yi kore. Don haka gawo abokin mai lambu ne da mai kiwo, kuma ba ya hana shuka yi a ƙarƙashinsa, amma ba zai tare maka hadarin Satumba ba. Ya fi son arewacin jihar, wajejen Zariya da Giwa da Maƙarfi da Ikara. Turare yana da tsawo da sauri, amma yana shan ruwa sosai kuma gara na son ƙaramin dashensa. Ni ba na sa shi kusa da fadama ko rijiya.

Ɗorawa ba ta layi ba ce, kanta na da faɗi. Sa ta a kusurwoyi, ko ɗaya a kowane mita 12 zuwa 15. Kada ka sa ran kalwa da wuri, takan ɗauki shekara takwas ko fiye, amma ita ce za ta ciyar da jikokinka da daddawa.

Ga layin ƙaya na waje, bagaruwa ta fi a ƙasa mai laka ko mai riƙe ruwa, magarya kuma a jigawa da wuri mai tsakuwa.

Tsarin da nake bi, daga gefen da iska ke fitowa zuwa cikin gona: layin ƙaya, sai layin dogayen itatuwa, sai layin matsakaita irin su kashu, sai ɗan zirin gamba ko zogale. Wannan zai ci maka faɗin kamar mita 8 zuwa 10. In gonarka ba ta kai kadada ɗaya ba, wannan ya yi yawa. Yi layin ƙaya da layin dogon yaro guda ɗaya kawai, ko kuma ku haɗa kai ku huɗu ko biyar masu jere ku yi shinge ɗaya dogo a iyakar na gabas, ku yi yarjejeniyar yadda za a raba itacen.

Lissafin iri ba wuya. A layin mita 100, in tazara mita 3 ce, kana bukatar dashe 34. Layi biyu, 68. Layin ƙaya mai tazarar mita ɗaya, 101. Ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai saboda waɗanda za su mutu.

3. Tara iri da tayar da shi

Ɗebi iri daga bishiya lafiyayya mai miƙaƙƙen jiki, kuma daga bishiyoyi daban-daban, ba guda ɗaya ba.

Irin bagaruwa da gawo da ɗorawa da tsamiya duk masu taurin ɓawo ne. In ka shuka su haka nan, wasu sai su yi wata biyu ba su motsa ba. Ga yadda ake yi. Tafasa ruwa, sauke shi daga wuta, ka zuba irin a ciki, ruwan ya ninka irin kamar sau huɗu, ka bar shi ya kwana. Kada ka dafa irin a kan wuta, kashe shi za ka yi. Da safe ka tsiyaye ka duba. Wanda ya sha ruwa za ka gan shi ya kumbura ya kusa ninka girmansa, launinsa ya yi haske, in ka danna da farce ya ɗan lotsa. Shi za ka shuka a ranar. Wanda ya tsaya ƙanƙane da tauri kamar yadda ka zuba shi, ware shi, ka ɗan fasa gefen ɓawon da abin yankan farce, nesa da idon da tsiro ke fitowa, ka sake jiƙa shi a ruwan sanyi. Wanda ya taso saman ruwa ko yake da hudar ƙwaro, zubar.

In kana da garken awaki ko tumakin da suka ci bagaruwa ko 'ya'yan gawo, tsinci irin daga cikin kashinsu. Cikin dabbar ya riga ya yi maka aikin. Kalwa kuwa, ka tabbata ɗanya ce. Wadda aka dafa don daddawa ta mutu.

Dogon yaro halinsa daban. Irinsa ba ya ajiyuwa, in ya yi 'yan makonni sai ya lalace. Tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, ka murje naman a ruwa, ka shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu, ka shuka. In lokacin renonka bai zo daidai da nunarsa ba, je gindin babbar bishiya da farkon damina, za ka tarar da 'yan tsiro birjik. Ɗebo su da ƙasarsu ka sa a leda. Maɗaci ma sabon iri yake so. Ƙwallon magarya a ɗan fasa shi a hankali da dutse a ciro ƙwayar. Kashu kuwa zuba shi a ruwa, ka ɗauki wanda ya nutse.

4. Reno a leda

Fara a Fabrairu ko farkon Maris, don dashen ya samu wata uku zuwa huɗu kafin lokacinsa. Zaɓi wuri kusa da ruwa, a killace, ka yi 'yar rumfa mai barin rana ta ɗan ratso. Haɗa ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. In ledar fiya wata ce, yanke bakinta gaba ɗaya ka huda gindin wuri uku ko huɗu. Ta isa ga bagaruwa da magarya da dogon yaro. Ɗorawa da gawo da kashu suna tura doguwar saiwa ƙasa tun suna ƙanana, su sai doguwar leda.

Sa iri biyu a kowace leda, zurfin bai wuce gaɓar yatsa ba. Ban-ruwa safe da yamma. In duka biyun sun fito, bayan mako biyu ka tsinke raunannen.

Duk bayan mako biyu ka ɗaga kowace leda. Za ka ji wasu sun kama ƙasa, saiwar ta fita ta huda ta shige. Yanke ta da reza. In ka bari har ranar dashe sannan ka fizge, bishiyar za ta yi yaushi ta mutu a rami. Saura mako biyu ko uku a dasa, ka yaye rumfar, ka koma ban-ruwa sau ɗaya a rana, don su saba da wahala tun suna gida.

In ba ka da ruwan reno ko lokacin ya wuce ka, sayi dashe. Akwai masu sayarwa a bakin titi a cikin Kaduna da Zariya da Kafanchan, kuma ana iya neman shawara a Kwalejin Gandun Daji da ke Afaka ko tashar binciken itatuwan da ke Samaru. Wajen saye kada tsawo ya ruɗe ka. Dashen da ya kai ƙugu a cikin ƙaramar leda ya daɗe, saiwarsa ta nannaɗe a ciki, kuma irinsa ne iska ke tumɓukewa bayan shekara huɗu. Ɗauki wanda bai wuce gwiwa ba, mai kaurin jiki. Wata hanyar kuma ita ce shuka layin ƙaya kai tsaye a gona da zarar ruwa ya zauna, iri uku a rami. Ko ka yi shingen waje da sandunan dashi ko aduruku ko binidazugu, waɗanda ake kafawa a ƙarshen bazara su kama da kansu. Sai dai ka sani 'ya'yan binidazugu guba ne, kada ka sa shi inda yara ke wasa.

5. Awo da haƙa rami

A watan Mayu, bayan ruwan farko ya tausasa ƙasa, ja igiya ka kafa turaku. Mita 3 tsakanin bishiya da bishiya, mita 3 tsakanin layi da layi. Kada na layi na biyu su tsaya daidai bayan na farko. Kowace ta faɗa a tsakiyar biyun da ke gabanta, don ta toshe ƙofar da suka bari. Layin ƙaya ya kasance mita 2 daga na dogayen.

Rami ya zama kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi. Ƙasar sama, mai duhu, ajiye ta gefe ɗaya, jar ta ƙasa kuma ɗaya gefen. Haɗa ta saman da taki cikin kwano ɗaya da toka cikin tafi biyu, ka mayar da ita ramin, ka bar ruwa ya dake ta mako ɗaya ko biyu. A wurin da diga ta ci karo da marmara, yi ƙoƙari ka fasa ta ko da a tsakiya ne. In ta ƙi, matsar da ramin kaɗan, bai zama dole layin ya miƙe sak ba.

Ka yi tunanin ƙofa tun yanzu. Duk giɓin da ka bari a miƙe, iska za ta taru ta bi ta nan da ƙarfin da ya fi na da. In dole hanyar amalanke ko tarakta ta ratsa shingen, yi ta a karkace, ko ka mayar da ita gefen yamma ko kudu.

6. Dashe

Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli ne lokacin, a kudancin jihar ma ana iya riga haka. Kada ruwan farko na Afrilu ya yaudare ka, yakan ɗauke. Kada kuma ka jira har ƙarshen Agusta. Bishiyar da aka sa a lokacin ba ta samun isassun makonni kafin ruwa ya janye a Oktoba.

Dasa da yamma ko ranar da gari ya lumshe, washegarin ruwa mai kyau. Shayar da ledojin tun da safe. Tsaga ledar da reza daga sama zuwa ƙasa, ka cire ta gaba ɗaya. Na sha tono mataccen dashe in tarar da ledar na nan a jikinsa, wai an huda gindin kawai. In ka ga saiwa ta yi gammo a gindi, yanke kamar kaurin yatsa daga ƙasan dunƙulen. Sa shi a rami yadda wuyan bishiyar zai yi daidai da fuskar ƙasa, kada ka binne jikinta. Cika, ka taka da diddige a kewaye, ka yi ɗan gurbi mai tare ruwa. A wurin da ruwa ke kwanciya kuwa, tudu za ka yi mata maimakon gurbi. Tattara ledojin ka fitar da su daga gona, kada shanu su haɗiye.

A daminar farko da ta biyu kana iya shuka gyaɗa ko wake ko waken suya tsakanin layukan. Noman da za ka yi musu shi ne noman bishiyoyin. Dawa da masara kuwa za su rufe su.

7. Rani na farko da na biyu

Dashen da ka gani kore shar a Satumba bai zama naka ba tukuna. Abu uku ke jiransa.

Na farko akuya. Da an gama girbi aka saki dabbobi, ganyen da ya rage kore a duk faɗin wurin shi ne naka. Akuya takan ɗora ƙafafun gaba a kan abin da ka kewaye da shi, ta miƙa wuya, ta cire kan tsiron daidai inda yake girma. Ko dogon yaro da ɗacinsa ba ta bari da rani. Saboda haka kariyar ta kai ƙirjin mutum, kuma ta yi faɗin da bakinta ba zai kai ba. Kafa sanduna uku ko huɗu, ka kewaye da rassan ƙaya ka ɗaure. In babu ƙaya, saƙa kara ko ka yi amfani da tsohon gidan sauro ko buhu, amma ka bar sama a buɗe. Gama wannan kafin ƙarshen Oktoba, kuma ka riƙa zagayawa kowane mako, don gara na cin sandunan, masu neman itacen girki kuma na zare su. In makiyaya na sauka kusa da kai, je ka gaisa da su, ka nuna musu layin. Magana da ardo a kan tabarma ta fi rigima da yaro mai kiwo a bakin gona.

Na biyu wuta. A Nuwamba ciyawa ta bushe, masu farautar gafiya sun fito. Share ciyawa ƙarƙaf, faɗin mita 3 zuwa 5 a kowane gefen shingen, ka kwashe abin da ka share. Minti goma na wuta ya isa ya cinye aikin shekara biyu.

Na uku gara. Alamarta ita ce jar ƙasa da take ginawa a jikin ice daga gindi zuwa sama. Kankare ta da hannu, za ka ga inda ta fara cin ɓawo. Barbaɗa toka a kewaye, ko ka daka ganye da 'ya'yan dogon yaro ka jiƙa ka zuba ruwan. Ta fi kama bishiyar da ƙishi ya raunana. In za ka rufe gindi da ciyawa don riƙe laima, bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin icen.

Batun ruwa, dogon yaro da bagaruwa da magarya da aka dasa da wuri sukan ƙetare rani ba ban-ruwa. Kashu da mangwaro da maɗaci suna son bokiti ɗaya a mako, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. In ruwan nesa yake, binne robar lemo mai ƙananan huda a gefen saiwa, bakinta a waje, ka riƙa cikawa.

8. Cike gurbi, datse saiwa, da sassabe

Da damina ta biyu ta zauna, maye duk wanda ya mutu. Kada ka ce ai ɗaya ce.

Daga shekara ta uku za ka lura shukar da ke dab da shingen tana tsumburewa. Saiwa ce. Haƙa ɗan kwalbati mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, kamar mita 2 daga layin ciki, ka datse duk saiwar da ka gani, ka mayar da ƙasa. Maimaita duk shekara biyu. Ko da haka za ka yi asarar kunya biyu ko uku, wannan kuɗin shingen ne, kuma abin da sauran gonar ta ƙaru da shi yakan biya.

Bagaruwa da magarya, in sun kai ƙirji, datse kansu don su yi rassa ta ƙasa. Ƙayar da ka yanko ita ce kariyar sabon dashe. Dogayen kuwa kada ka aske musu rassan ƙasa don su yi kyan gani, ta nan iska za ta kurɗa. In dogon yaro ya shekara biyar ko shida kana iya sare kansa a tsawon da ya wuce mita 2, inda dabba ba ta kaiwa, ka samu itacen girki da sanduna. Amma kada ka sare duka a shekara ɗaya. Ɗauki ɗaya ka bar biyu, kuma ka yi shi bayan hadarin farkon damina ya wuce.

9. Barin wuri ga tsuntsaye da sauran halittu

Shingen dogon yaro zalla yana tare iska, amma ba kowa ke zama a cikinsa ba. Abin da ke kawo rai shi ne bambancin itatuwa da kuma abin da ke ƙasa. Kurciya na son yin sheƙa a cikin ƙaya, inda mage da yara ba sa kaiwa. Makwarwa da zabon daji a ƙasa suke ƙwai, cikin gamba, don haka bar zirin gambar nan ba yanka har damina ta wuce, sannan ka yanke rabi don zana ka bar rabi. 'Ya'yan magarya da ɗinya da kanya suna kiran cilakowa da kurege, sai ka jefa ɗinya ko kanya ɗaya ko biyu in kana da wuri. Ɗorawa na fure a tsakiyar rani, jemagu na zuwa mata da dare, zuma da sassafe. Gawo ma da rani yake fure, lokacin da zuma ba ta da abin ci. In itatuwan sun yi ƙarfi, ɗora amya a gefen da ba hanya, nesa da inda ake ɗaure dabbobi. Tsohon kasko da ruwa da 'yan tsakuwa a ciki, a ajiye a inuwa cikin Maris, zai tara maka tsuntsaye fiye da yadda kake zato.

Da yawa daga cikinsu ma'aikatanka ne. Mujiya ɓeraye take ci, bushiya da hawainiya ƙwari. Ka hana yara harbinsu da danƙo, kuma in za ka yi feshi, kada ka yi a jikin shingen ko lokacin da itatuwan ke fure.

Akwai kuma baƙin da ba ka gayyata ba. In gero ko shinkafa ko farar dawa kake nomawa, tsuntsaye masu cin hatsi za su samu wurin hutawa kusa da abinci, don haka ka sa masara ko rogo ko gyaɗa a kunyoyin da ke kusa da shingen. Maciji ma yana son wurin. Share hanyar da ake bi, kada ka tara tsibin itace kusa da gida, ka sa takalmin roba mai tsawo in za ka shiga yankan gamba, kuma ka fara buga ciyawar da sanda kafin ka sa hannu.